Yadda ake gane soson teku mai allurar alli da tantance rukuninsa

Soson teku dabba ne da ke manne wuri guda yana tace ruwa domin samun abinci, kuma masana sun kasa shi aji 4: Demospongiae, Hexactinellida, Homoscleromorpha da Calcarea. Ajin Calcarea ne kaɗai ke gina jikinsa da 'yan allurai na sinadarin alli, alhali alluran sauran ukun, idan suna da su, na sinadarin silika ne. Nau'o'insa da aka sani sun kai kimanin 800, wato ƙasa da kashi 10 cikin 100 na duk soson teku. Wanda ke son gane shi a duwatsun murjani marasa zurfi, irin na Bahar Maliya da Tekun Indiya da gaɓar arewa maso gabashin Ostareliya, ya sani tun farko cewa launi da siffar waje ba su isa hujja ba, alluran nan ne ke yanke hukunci.

Mataki na farko shi ne nemo shi. Galibinsa ƙanana ne, kuma sun fi son inuwa, saboda haka ana leƙa bakin kogo da ƙarƙashin duwatsun da suka yi rumfa. Wanda ya fi saurin shiga ido shi ne Leucetta chagosensis, ruwan ɗorawa shar, dunƙulalle, mai manyan kafofin fitar da ruwa, wanda Arthur Dendy ya yi bayaninsa a 1913. A ɗauki hotonsa a inda yake tare da ma'auni a gefe, a rubuta zurfin wurin da launinsa, domin launin kan gushe da zarar an jefa shi cikin sinadari. Sai a yanko ɗan yanki da ya ratsa daga fatar waje har cikin kogon da ke tsakiyar jikin soson, kuma kada a taɓa komai a wurin da doka ta kare sai da takardar izini.

Mataki na biyu shi ne adanawa, kuma a nan ne samfuri ya fi lalacewa. Ana saka yankin nan take cikin itanol mai ƙarfin kashi 96 cikin 100, a canza shi bayan kwana ɗaya saboda ruwan da jikin ya saki. Duk wani ruwa mai asid abokin gaba ne, har da fomalin da ba a kashe tsaminsa ba, domin yana cinye alluran a hankali, sai a wayi gari da tsokar da ba ta da abin aunawa.

Wannan rauni na alluran shi ake gwadawa a mataki na uku. A gutsuri ɗan kaɗan a ɗiga masa ruwan kal ko asid mai rauni. Idan ya yi kumfa, akwai alli a ciki. Sai dai kumfar ba ta tabbatar da komai ita kaɗai, domin yashin murjani da ya maƙale ma yana kumfa. Haka kuma Astrosclera willeyana, da ke zaune a kogunan duwatsun murjani, yana da ƙashin alli mai tauri amma ɗan ajin Demospongiae ne, sannan wasu halittu na dangin Didemnidae suna shimfiɗuwa a kan dutse tamkar soso, da ƙwayoyin alli masu siffar tauraro, alhali ba soso ba ne sam.

Mataki na huɗu shi ne fitar da alluran. A saka wani gutsuren cikin ruwan bilic na wanki har tsokar ta narke, a bar alluran su kwanta, a tsiyaye, a ɗauraye su sau da yawa da tataccen ruwa sannan da itanol, a ɗiga a kan gilashi a bari ya bushe. Masu aiki da soson silika sukan dafa samfurinsu cikin asid mai ƙarfi, amma wanda ya yi haka a nan zai tarar da kwalba wayam. A ƙarƙashin madubin ƙara girma za a ga allurai iri 3: mai tsini biyu, mai reshe uku, da mai reshe huɗu, wanda reshensa na huɗu kan miƙe ya leƙa cikin kogon tsakiya.

A kan mai reshe uku ya kamata a daɗe, domin shi ne ke nuna wanne daga ƙananan aji 2 na Calcarea, wato Calcinea da Calcaronea, da George Bidder ya tsara a 1898 samfurin yake. A Calcinea rassan uku sukan zo da tsawo ɗaya, kuma kowace kusurwa tsakaninsu digiri 120 ce. A Calcaronea rassa biyu sukan yi daidai da juna su buɗe, na ukun ya bambanta da su, kusan kamar sawun kaza a kan laka, kuma a nan aka fi samun allurai masu tsini biyu. A auna tsawo da kaurin gindin reshe na allurai 20 zuwa 30 daga kowane iri, a rubuta mafi ƙanƙanta da matsakaici da mafi girma, domin sau da yawa wannan lissafi ne ke raba nau'i biyu da ido ke ɗauka abu ɗaya ne. Wanda ke da kayan aiki zai iya ƙara duba ƙwayoyin da ke kaɗa ruwa da gashinsu: a Calcinea cibiyar ƙwayar tana gindi, a Calcaronea tana sama kusa da gashin.

Mataki na biyar shi ne duba tsarin jiki. Da reza mai kaifi a yanko siririn falle daga waje zuwa ciki, a ga inda ƙwayoyin kaɗa ruwa suke. Idan sun lulluɓe bangon bututu mai sauƙi, tsarin askon ke nan. Idan suna cikin 'yan bututai da suka kewaye kogon tsakiya, sikon ne. Idan kuwa suna cikin ƙananan ɗakuna masu yawa da hanyoyin ruwa suka haɗa, lukon ne. Calcarea ne kaɗai ajin da ake samun duka ukun a cikinsa, kuma Ernst Haeckel ya ɗora rabe-rabensa na 1872 a kan wannan tsari. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa tsarin ba ya nuna dangantaka: Clathrina da Leucosolenia duk askon ne, amma na farko Calcinea ne, na biyu Calcaronea, Leucetta da Leucandra duk lukon ne, su ma haka suka rabu. A ganina wannan shi ne tarkon da ya fi kama mai koyo, shi ya sa ya fi kyau a karanta allurai kafin a duba fallen.

Daga nan sai a gwada abin da aka samu da bayanan asali na nau'o'in yankin, a kuma tabbatar da sunan da ake amfani da shi yanzu a rumbun World Porifera Database, domin sunaye a wannan aji suna yawan canzawa. Idan ma'auni ya faɗa tsakanin nau'i biyu, sai a koma ga ragowar samfurin da ke cikin itanol a yi gwajin ƙwayoyin gado, inda aka fi dogara da sashen 28S, tunda sashen COI da ake amfani da shi ga yawancin dabbobi yana da wuyar samuwa a Calcarea. Kafin sakamakon ya fito, a tsaya a sunan jinsi kawai a kan takardar kwalbar, tare da wurin da aka samo shi da zurfi da kwanan wata, a rubuta da fensir domin itanol yana wanke tawada.