Dutsen Ofal: Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Saye da Adana Shi

Wanda ya saba da zoben azurfa mai aƙiƙ, irin wanda alhazai ke kawowa tsaraba Gusau da Talata Mafara, yakan ɗauka cewa kowane dutsen zobe haka yake da jimiri, a yi alwala da shi, a shiga rana da shi, ya shekara ashirin bai sauya ba. Daga wannan zato ne mafi yawan kurakuran da ake yi da ofal, wani dutsen ado mai walƙiyar launuka, suke tasowa, domin shi dutse ne mai ruwa a jikinsa, galibi kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa. Launukan da ke wasa a cikinsa idan an juya shi, kore da shuɗi da ja, ba rini ba ne. Ƙananan ƙwayoyin silika ne, wato sinadarin da ke cikin yashi, jere reras suke rarraba haske, abin da masana a Ostireliya suka gano da na'urar ƙara girman abu a shekarun 1960.

Tun wajen saye ake fara yin tuntuɓe. Akwai gilashi mai launin madara da ɗan shuɗi wanda ake sayarwa da sunan ofal, ana kuwa gane shi da cewa ƙyallinsa iri ɗaya ne ta ko'ina, babu walƙiyar launuka daban-daban. Akwai kuma na haɗi, wato wanda ake ƙerawa a masana'anta, wanda wani Bafaranshe mai suna Pierre Gilson ya fito da shi kasuwa a 1974. Idan aka duba shi da gilashin ƙara girma za a ga zanensa a tsare kamar fatar ƙadangare. Wanda ya fi ruɗar mutane shi ne mai hawa biyu ko uku, wato siririn yanki na ofal na gaske da aka manna a kan baƙin dutse, wani lokaci a rufa masa gilashi a sama. Ba haramun ba ne sayar da shi muddin an faɗi abin da yake, amma kuɗinsa bai kama ƙafar na cikakken dutse ba. Mai saye ya dubi dutsen ta gefe, idan ya ga miƙaƙƙen layi inda farin ya haɗu da baƙin, to manne ne.

Haka nan kada sunan da Zamfara ta yi wajen ma'adinai ya sa a yarda da duk farin dutsen da aka ce daga ramukan Anka ko Maru ya fito. Zinariya aka san waɗannan wurare da ita. Ofal ɗin da ke yawo a kasuwannin duniya yana zuwa ne daga Ostireliya, inda Coober Pedy ke ba da fari tun 1915, Lightning Ridge kuma ke ba da baƙi mai tsada, sai Meziko mai ja kamar garwashi, sai Habasha, inda aka gano shi a yankin Wollo a 2008.

Na Habashan ne ya fi sauƙin kuɗi, shi ne kuma ya fi jawo kuka, saboda yawancinsa yana shan ruwa kamar sabuwar tukunya. Uwargida za ta yi alwala ko wanke-wanke da zobenta, sai ta ga dutsen ya koma garau kamar gilashi, launukan sun ɓace, ta ce an cuce ta. Ba a cuce ta ba. Idan aka ajiye shi a inuwa zai bushe launinsa ya dawo, cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki. Kuskuren shi ne gaggawar shanya shi a rana ko kusa da murhu, domin bushewar farat ɗaya tana tsattsaga shi, tsagar kuwa ba ta ɗinkuwa. Abin da ya fi ruwa illa shi ne humra da man shafawa da lalle, domin dutsen yana tsotse su ya dafe har abada. Kaskon turaren wuta ma, wanda ɗakin amarya ba ya rabuwa da shi, abokin gaba ne, kuma shaidar hakan ita ce da hayaƙi wasu dillalai ke turara farin ofal na Habasha ya yi baƙi, su sayar da shi a matsayin na Lightning Ridge. Gyaran mai sauƙi ne: a gama shafa da turare tukuna a sa zobe, a cire shi kafin a taɓa ruwa. Shawarar da wasu ke bayarwa ta jiƙa shi a mai don kada ya bushe, a ganina ita ce mafi muni a cikinsu duka.

Ƙurar hunturu ma tana da nata. Taurin ofal a ma'aunin Mohs, wanda ake auna taurin duwatsu da shi, 5.5 ne zuwa 6.5, yashin da ke cikin ƙura kuwa ya kai 7, don haka goge shi da gefen riga kankare shi ne a hankali. A hure ƙurar, a goge da tattausan ƙyalle, a ajiye shi shi kaɗai cikin auduga. Idan za a kai zoben wurin maƙeri a ƙara ko a rage shi, a tabbata ya cire dutsen kafin ya kusantar da wuta.

Sai maganar camfi, wadda ta zo mana daga Turai ta fuska biyu. Rumawa sun ɗauki ofal dutse mai daraja ƙwarai, har aka rawaito cewa wani ɗan majalisa mai suna Nonius ya zaɓi gudun hijira da ya miƙa wa Markus Antoniyus, ɗaya daga cikin shugabannin Rum, zobensa. Daga baya aka maƙala masa rashin sa'a, musamman bayan wani ƙagaggen labari na marubuci Walter Scott a 1829, inda ofal ɗin wata mata ya dushe da ruwan coci ya taɓa shi, ita ma ta halaka. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ba ta kula da zancen ba, ta riƙa ba 'ya'yanta mata kyautarsa. Masu cewa yana kawo arziki ko kare baki, da masu cewa yana kawo tsiya, duk a kan kuskure ɗaya suke, kuma malamanmu sun daɗe da yin bayani a kan rataya amfani ko cuta ga dutse. Wani ɓangare na mummunan sunan ma daga masu sassaƙa shi ya fito, waɗanda yake yawan fashe musu a hannu, a ce su biya mai shi.