Kurakuran da Ake Yi Wajen Zaɓa wa Mai Lalurar Hannu Madadin Maus

Yawancin masu saya wa ɗan'uwa mai lalurar hannu kwamfuta a Katsina, abin da mai shago ya miƙo musu suke karɓa. Alhali wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa, da mai karkarwar hannu, da wanda kuturta ta ci yatsunsa, kowanne da abin da ya dace da shi a madadin maus, wato ɗan abin da ake motsa kibiyar kwamfuta da shi. A tafi shagon da mai lalurar, ya gwada da hannunsa kafin a biya kuɗi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar allon taɓawa a matsayin maganin komai. Allon wayoyi da kwamfutocin yanzu ba matsi yake ji ba, ɗan lantarkin da ke jikin fata yake ji. Shi ya sa hannun roba ko tsinke ba sa motsa shi. Fatar da ta yi kanta ma, musamman da hunturu in hannu ya bushe ƙamas, sai a yi ta dannawa allon ya yi biris. Maganinsa alƙalamin taɓa allon waya ko kwamfuta mai jikin ƙarfe da baki mai laushi. In yatsu ba sa riƙo, a ɗaure shi a tafin hannu da ƙyalle, amma ƙarfen ya taɓa fata, in ba haka ba sai a hankali.

Kuma kada a bar allon a tsaye. Ɗaga hannu sama yana gajiyar da mai lafiya ma, balle wanda kafaɗarsa ba ƙarfi. A kwantar da shi kan tebur da ɗan jingine, gwiwar hannu ta samu wurin hutawa.

Mai karkarwa kuwa, faifan shafawa na laftof yakan ba shi wahala, domin kowace 'yar taɓawa dannawa ce. A shiga saitin Windows a kashe dannawa ta hanyar taɓawa, a rage gudun kibiya, a kunna ClickLock don ya iya jan abu ba tare da ya danne maɓalli ba. A Android akwai wurin ƙara tsawon lokacin taɓawa, a iPhone kuma saitin Touch Accommodations na watsi da taɓawar da ta maimaitu. Duk kyauta ne, amma masu shago ba kasafai suke nuna wa mutum ba. In hakan bai wadatar ba, a nemi maus mai babbar ƙwallo a samansa, irin na kamfanin Kensington, wanda ake murzawa da tafin hannu.

Sai ɗalibai. Yaro ya saba da allon taɓawa a gida, ranar JAMB ya tarar da kwamfutar tebur. Tun da wuri a koya masa amsawa da maɓallai: A, B, C, D don zaɓi, N don tambaya ta gaba, P don komawa baya.