Kurakuran da malamai masu kula da 'yan aji ɗaya ke yi a jami'a

Ɗalibin da ya fito daga sakandare ya saba a buga masa ƙararrawa, a rubuta masa darasi a allo, a tambaye shi in bai zo ba. A jami'a ba kasafai ake samun haka ba. Shi ya sa kowane sashe ke naɗa malamin da zai kula da aji, wanda ɗalibai ke kira kodineta. Babban kuskuren masu wannan aiki shi ne zama a ofis suna jiran mai matsala ya zo. Ɗan aji ɗaya ba ya zuwa. Kunya da tsoron lakcara sun fi ƙarfinsa, sai ya kai tambayarsa wurin abokin ɗaki wanda shi ma a duhu yake. Gyaran kuwa, malam ne zai neme su: a tara aji a makon farko, a raba su rukuni na goma zuwa goma sha biyar, a liƙa ranar ganawa da lokacinta a ƙofar ofis, a kuma cika alkawari.

Sai batun fom ɗin rajistar kwasa-kwasai, inda aka fi yin ɓarna. Yara da yawa a kafe, wato shagon intanet, ake cike musu, mai kafe kuwa bai san sashensu ba, abin da ya gani a fom ɗin wani yake kwafowa. Malam ya sa hannu bai duba ba. Sai a aji huɗu a gano ba a yi rajistar wani kwas na dole ba, ko an zauna jarrabawar kwas ɗin da babu shi a fom, sakamako ya maƙale. Kafin sa hannu a ajiye littafin sashe a gefe, a bi lambar kowane kwas ɗaya bayan ɗaya, har da darussan bai-ɗaya irin na Turanci da ake rainawa. A lissafa yunit, wato nauyin da aka ba kowane kwas: ƙa'idar da aka saba bi a jami'o'in Najeriya ita ce jimillar yunit daga 15 zuwa 24 a zango. A kuma faɗa wa ɗalibi ranar da za a rufe damar ƙara kwas ko cire shi, ya ajiye kwafin fom ɗin da rasitin biyan kuɗi.

Wani kuskuren shi ne barin bayanin CGPA, wato matsakaicin makin ɗalibi na dukan kwasa-kwasan da ya yi, sai sakamako ya fito. Nasihar "ku dage da karatu" ba ta shiga kamar lissafi a allo. A ma'aunin maki biyar, A (70 zuwa sama) tana da 5, B tana da 4, C tana da 3, F kuwa sifili. A ɗauki ɗalibi mai yunit 18 da ya ci B a yunit 15. In ya sami C a sauran kwas mai yunit 3, makinsa 3.83. In ya faɗi kwas ɗin, sai ya sauko 3.33, wato ƙasa da 3.50 da ake nema don digiri mai daraja ta biyu babba, ga kuma kari-oba, wato maimaita kwas ɗin, da zai ƙara masa kaya baɗi. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba ya wasa da gwaje-gwaje da ayyukan cikin zango, waɗanda ke ɗauke da maki 30 ko 40 cikin 100, kuma ya san rashin halartar kashi 75 na lakca na iya hana shi shiga jarrabawa.

A kula da saurin yanke hukuncin cewa wanda ya faɗi malalaci ne. Wani Turancin lakca ne bai kama ba, yana jin nauyin faɗa. Wani daga nesa yake zuwa, kuɗin mota ya gagara. A tambaya a keɓe, da Hausa in ta fi masa sauƙi, sannan a tura shi inda ya dace: ofishin kula da al'amuran ɗalibai don masauki, asusun gwamnatin tarayya na NELFUND don rancen karatu, ɗaliban aji uku na kirki don bita. Wanda rashin lafiya ta hana shi gwaji ya kawo takardar asibitin makaranta nan take, kada ya bari sai an liƙa sakamako.

Ɗalibai mata kan guji shiga ofishin malami su kaɗai, kuma da dalilinsu. A bar ƙofa a buɗe, a yarda su zo biyu-biyu, ko sashe ya haɗa su da malama.