Matsa Hegu don ciwon kai: inda mutane ke kuskurewa

A maganin gargajiyar Sin akwai wani gurbi a bayan hannu, tsakanin babban yatsa da manuniya, da ake kira Hegu, wato "mahaɗar kwari". Yana cikin gurabe 361 na jiki, waɗanda ake dannawa ko soka wa allura don magani, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita wurarensu a 2008, kuma shi ne na 4 a layin da Sinawa ke dangantawa da babban hanji, shi ya sa ake rubuta shi LI4 (LI taƙaicen sunan babban hanji ne da Turanci). Masu sana'ar a can suna da wata tsohuwar magana, cewa duk abin da ya shafi fuska da baki a nemi Hegu. Ciwon kai da na haƙori ke nan.

Mafi yawan masu cewa sun gwada bai yi musu komai ba, ba Hegu suka matsa ba. Fatar nan mai laushi ta bakin yatsun biyu suke mintsina, alhali gurbin yana can ciki. Haɗe babban yatsa da manuniya, za ka ga tsoka ta taso kamar ɗan tudu. Ɗora yatsa a ƙololuwar tudun, ka saki hannun, sannan ka danna kana karkata wajen ƙashin da ya gangaro daga manuniya, daidai tsakiyarsa. In ka dace za ka ji wani tsami-tsami mai nauyi, wani lokaci har ya ɗan ratsa zuwa yatsa. Sinawa na kiran wannan "de qi", kuma a wurinsu shi ne shaidar an isa wurin. In zafin fata kawai kake ji, ka kauce.

Sai ƙarfi. Na ga wani ya kafa farce yana cije baki, wai sai ya yi zafi zai yi aiki, ya tashi da shatin farce da kwanciyar jini. Da tsokar babban yatsa ake dannawa, sauran yatsun na tallafe da tafin hannu, ana ɗan murzawa a hankali minti ɗaya zuwa biyu, sannan a koma ɗaya hannun. Daƙiƙa biyar ba ta isa ba. Kada kuma a taɓa wurin in akwai ƙuna, ciwo ko kumburi.

Mai juna biyu ta bar shi gaba ɗaya. Likitocin gargajiyar Sin da kansu sun daɗe da hana taɓa Hegu a lokacin ciki, don suna ganin yana iya tayar da naƙuda. Ciwon kai mai tsanani ga mai ciki ma, musamman da kumburin fuska ko gani dishi-dishi, na iya zama hawan jini, maganar asibiti ce ba ta tausa ba.

Wanda ya fi damuna shi ne mai da Hegu magani. Iyakarsa ya ɗan rage raɗaɗi ga wasu, shi ma na ɗan lokaci. Haƙori mai kogo sai likitan haƙori. Ciwon kai da zazzaɓi, a yi gwajin maleriya. In kuwa wuya ya sandare, musamman a watannin zafi da sanƙarau ke yawo, ko ciwon ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, a saki hannun a nemi mota zuwa asibiti.