Yadda ya kamata mu tuna da ɗan kwana-kwanan da ya rasu a bakin aiki

Jama'a abin da muka saba idan ma'aikacin kashe gobara ya rasu a wurin aiki shi ne a ɗora hotonsa a Facebook, a rubuta Allah ya jiƙansa, kwana biyu an wuce wurin. Addu'a kam ba kamarta, amma mutumin da ya faɗa cikin wuta don ya fiddo 'ya'yan wani ko ya tsare shagon wani wallahi haƙƙinsa a kanmu ya wuce haka.

Tun farko don Allah kar a yaɗa hoton gawa ko bidiyon lokacin da ake fito da shi, matarsa na da waya, ƙannensa na da waya. In za a sa hoto a sa wanda yake cikin kakinsa da ransa.

In ka je gaisuwa ka samu mahaifiyarsa ka durƙusa ka ce Inna sai haƙuri, ka tuna mata hadisin da ke cikin Muwaɗɗa Malik cewa wanda gobara ta yi ajalinsa shahidi ne. Daga nan ku wuce ofishin kwana-kwana ku yi wa abokan aikinsa ta'aziyya, su kullum mantawa ake da su alhali su suka ɗauko shi da hannunsu kuma in aka kira anjima su za su sake hawa motar nan.

Sai bashi. Sanarwar da ake yi wurin jana'iza ba ta isa ba, a bi mai shago da mai awo a tambaya a biya.

Inda aikin yake sosai shi ne bayan an watse zaman makoki. Matarsa na takaba wata 4 da kwana 10, ba ita za ta riƙa zaryar ofis-ofis ba, to a samu mutum ɗaya a unguwa wanda ya san kan aikin gwamnati ya haɗa takardar ɗaukar aiki da ta shaidar mutuwa da katin aikinsa, ya duba sunan wa ya rubuta a matsayin magaji a fayil ɗinsa, ya tabbatar na jiha ne ko na tarayya tunda ba hanya ɗaya ake bi ba, sannan ya bi maganar giratuti har ta fito. In an haɗa gudummawa a damƙa wa amintattu biyu da littafi, kuɗin makarantar yara kuma a kai makarantar kai tsaye duk zango, kar a manta da kayan sallah.

Sadaka mai gudana ni a ganina ba wadda ta dace da shi kamar ruwa. Da Sa'ad bin Ubada ya tambayi Annabi (SAW) sadakar da ta fi, ce masa ya yi shayar da ruwa. Duk wanda ya ga gobarar babbar kasuwar Katsina a watan Maris 2021 ya san irin wannan wuta ba ruwan mota ɗaya ke kashe ta ba. 'Yan kasuwa ku haɗa kuɗi ku haƙa burtsatse da babban tanki da niyyar ladan ya kai masa, mutane su sha, amma a yi shi a bakin hanya inda motar kashe gobara za ta iya tsayawa ta cika, kuma a shawarci ma'aikatan kan irin bututun da ya dace da motarsu kafin a sayi komai.

Ranar 4 ga Mayu ita ce ranar ma'aikatan kashe gobara ta duniya, an fara ta a 1999 bayan wutar daji ta kashe biyar daga cikinsu a Ostireliya. A ranar ko kafin shigowar hunturu ku gayyato abokan aikinsa kasuwa ko Islamiyya su nuna yadda ake amfani da jar tukunyar kashe wuta da abin yi in gas ya kama. Ku ja wa samarin unguwa kunne kan jifan motarsu in sun makara, in an ji jiniya kuma masu Keke Napep da babura a kauce a ba su hanya.