Yadda ake amfani da kalmar Turanci "mild" a harkokin yau da kullum

Ranar da na raka ƙanwata asibiti, likita ya rubuta mata "mild anaemia" a takarda (anaemia shi ne ƙarancin jini). Tana karantawa ta ce ai ba komai ke nan, ta ɗora maganin ƙarin jinin a kan firji har ya kusa wata ba ta taɓa shi ba. Abin ya dame ni ƙwarai. Kalmar ba ta ce babu ciwo ba, cewa ta yi bai tsananta ba tukuna.

Mataki na farko, gyara furuci. "Mayild" ake cewa, amonta ɗaya da child da wild. Kada ka furta ta kamar milk.

Na biyu, riƙe ma'anar da kyau: abin yana nan, ƙarfinsa ne kaɗan. Likitoci kan jera ciwo hawa uku, mild, moderate, severe, wato mai sauƙi, matsakaici, sai mai tsanani. Idan aka ce yaro yana da mild fever, jikinsa da ɗumi, a sa masa ido. Kamfanonin taba sun daɗe suna cin kasuwa da wannan ruɗanin, suna buga kalmar a kwali, mai sha ya zaci illar kaɗan ce. Shi ya sa yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2003 ta ambace ta cikin kalmomin da ke iya yaudarar jama'a, Amurka kuma ta hana sa ta a kwalin sigari daga 2010.

Na uku, san wuraren da take zama daram. A abinci, kishiyar hot ce ko spicy. In ka shiga gidan cin abinci na Indiyawa a Landan, miyar korma ita ce mild, miyar vindaloo kuwa sai ka share hawaye saboda yaji. Suyar da aka barbaɗa wa yaji kaɗan saboda yara, ita ma mild ce. A sabulu, mild soap shi ne wanda ba ya cin fata, irin na wankan jarirai, ba sabulun soda ba. A yanayi, Bature zai ce mild winter idan sanyin shekarar bai gigita su ba, kamar yadda muke cewa hunturun bana da dama-dama. Mutum mai sanyin hali, wanda ba a jin ɗaga muryarsa, mild-mannered ne. Masu walda ma suna da rabonsu: mild steel shi ne ƙarfen da sinadarin kabon ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, yana lanƙwasuwa, yana karɓar walda, da shi ake yawancin ƙofofi da tagogin ƙarfe.

Na huɗu, kuma nan ne Bahaushe ya fi tuntuɓe: kalmarmu "sauƙi" ta fi mild faɗi. Kaya ya yi sauƙi a kasuwa, cheap ne. Jarrabawa ta zo da sauƙi, easy ce. Mara lafiya ya samu sauƙi, better za ka ce. Katifa mai taushi soft ce, hannun da ya ɗauki jinjiri a hankali kuma gentle. Kafin ka furta mild, tambayi kanka: akwai wani zafi, kaifi ko tsanani da ya ragu a nan? In babu, nemi wata kalmar.

Na biyar, sigoginta ba wuya: milder idan ana kwatanta biyu, mildest idan ya fi duka, mildly wajen bayyana yadda abu ya faru. Sai dai ka kula da "to put it mildly". Idan maigidanka a ofis ya ce "I am disappointed, to put it mildly", ransa ya ɓaci matuƙa, sakaya zancen kawai ya yi. Tashi ka je ka ba shi haƙuri.