Yadda na gyara yokan ɗina na dankali da kuri da ya ƙi daskarewa

Sau biyu ina haɗa yokan, wato alawar Japan mai laushi da ake yanka ta gunduwa-gunduwa, amma kullum sai ta kwana a firiji tana tsatsafo ruwa, 'ya'yan kuri kuma, wato 'ya'yan itace masu ɓawo da Turawa ke kira chestnut, duk sun nutse ƙasa. Da farko na zargi firijin, daga baya na ninka garin kanten, wanda ake samu daga ciyawar teku kuma shi ke sa alawar ta daskare, sai abin ya fito da gudaji masu tauri.

Ashe kanten ba ya narkewa sosai sai ya tafasa, ni kuwa ina zuba sukari tun ruwan bai yi zafi ba. A karo na uku na jiƙa giram 4 na garin a ruwan sanyi mililita 200, na ɗora a wuta, da ya tafasa na rage wutar na ci gaba da juyawa minti 2 cif, sannan na zuba sukari giram 100. Dankalin Hausa giram 400 da na turara na tace a rariya, da ɗuminsa na zuba shi, domin mai sanyi yana sa kanten ya fara daskarewa a cikin tukunya tun ba a gama haɗawa ba.

Na juya har ya yi kauri, na bar shi ya ɗan huce, na zuba rabi a mazubi, na jera kurin da aka dafa a ruwan sukari bayan na tsane su, na rufe da sauran. Ya daskare tun kafin ya shiga firiji, wuƙa kuma ta yanka shi sumul. Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta.